Na bar nama, ƙwai da madara, to yanzu me zan ɗora a wuta? Tambayoyi da amsoshi ga sabon shiga

Waɗannan su ne tambayoyin da 'yan uwa suka fi yi min tunda suka ga na daɗe ban sa nama a tukunya ba kuma ban rame ba. Wasu likita ne ya ce su rage kitse, wasu tsadar nama ce ta koro su, wasu kuma ra'ayinsu ne kawai. Ko ma mene ne dalilinki, girkin ɗaya ne, kuma yawancinsa kin riga kin iya.

Anti wai mene ne ma bigan ɗin nan, ba shi ne masu cin ganye ba?

Da ɗan bambanci. Akwai wanda ya bar nama da kifi amma yana shan nono yana cin ƙwai, shi daban ne. Ɗan bigan kuwa duk abin da ya fito daga jikin dabba ya ajiye shi, nama, kifi, ƙwai, nono, man shanu, har zuma. Kalmar a Ingila aka ƙirƙiro ta a 1944, wani Donald Watson da abokansa ne suka kafa ƙungiya da sunan. Sunan ne dai baƙo a wajenmu, amma tuwo da miyar kuka da daddawa ba romo, ɗan wake da mai da yaji, ƙosai da koko, kwaɗon zogale, ai duk mun tashi mun tarar ana ci a gidajenmu ba wanda ya sa musu suna.

Sai na sayi kayan waje masu tsada na manyan kantuna?

A'a wallahi. Kar ki bari hotunan intanet su ruɗe ki da madarar almon da wasu 'ya'yan itatuwan da ko sunansu ba mu iya faɗa ba. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye mata, waken suya kuma ga shi nan daga Binuwai da Kaduna da Kano. In kina da wake, waken suya, gyaɗa, riɗi, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, manja da man gyaɗa, albasa da kayan yaji, sai hatsin da kika saba, to kin gama cefane. Sauran ganye ne da kayan miya na yau da gobe. In da hali ki sayi waken da gyaɗar da kaka lokacin da suke araha ki adana a jarka mai murfi, kawai ki tabbatar gyaɗar ta bushe sosai, duk wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci ki zubar, gubar da ke cikinta tana taɓa hanta kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Miyata ba nama lami take fitowa, ya zan yi?

Nan ne kowa yake karaya, ni ma a nan na kusa komawa. Matsalar ita ce ana ɗaukar girkin da aka saba a cire naman kawai a bar sauran yadda yake, dole ta yi lami tunda romon ne yake riƙe da miyar. Sai kin ba ta wani abin da zai riƙe ta, kuma abubuwa uku ne, albasa da ta soyu sosai, daddawa, da dakakken wake.

Ga miyar kuka yadda nake yi. Ki zuba mai kamar ludayi ɗaya, manja ko man gyaɗa, ki yanka albasa babba guda ki soya a wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ja tana ƙamshi, kar ki yi gaggawa a nan don rabin daɗin miyar a wannan suyar yake. Ki tsaida ruwa. Ki daka daddawa ƙwaya biyu ko uku tare da citta, masoro, tafarnuwa da barkono ki zuba, sai surfaffen wake kamar rabin gwangwani da kika ɗan daka ya farfashe, shi ma ki zuba. Ki rufe ki bar shi ya yi ta dahuwa minti 30 ko fiye, sai waken ya narke warin ɗanyar daddawa ya fita ruwan ya yi kauri ya koma kamar romo. Yawancin masu cewa ba sa son daddawa ba a bari ta dahu ba ne. Sannan ki sa gishiri, ki rage wuta, ki riƙa barbaɗa kuka kina kaɗawa da maburgi, minti 5 ta yi.

Wannan ruwan daddawa da waken shi ne tushe, da shi za ki yi busasshiyar kuɓewa, karkashi, lalo, duk hanya ɗaya ce.

Miyar taushe kuwa ita dama ba ta damu da nama ba. Kabewa ki dafa ta yi laushi ki dame ta, ki soya jajjagen tumatir da tattasai da attaruhu, ki haɗa, ki dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali huɗu ko biyar ki zuba ki bari ta dahu har mai ya taso, sai alayyahu da 'yar yakuwa a ƙarshe. Miyar gyaɗa da zogale ma haka. In kina son abin taunawa a ciki ki jefa soyayyiyar awara minti 10 kafin ki sauke, tana shan miyar ta yi daɗi. Naman kaza ma yana bada ɗanɗano mai kyau in kin samu na sayarwa wanda aka noma, amma don Allah kar ki tsinko na daji ko na gindin bishiya, akwai masu kisa a cikinsu kuma ido ba ya rabewa.

Ina son in koyi awara da kaina, amma duk sanda na yi ba ta haɗuwa.

Awara ita ce abin da nake so kowane sabon shiga ya fara koya, don in kin iya ta kin samu madara, kin samu abin sa wa a miya, kin samu na karin kumallo duk a aiki ɗaya. Asalinta daga ƙasar Sin ne, can sun fi shekara dubu suna yi, mu kuma muka karɓa muka sa mata attaruhu.

Ki auna waken suya gwangwani 4, ki tsince tsakuwa ki wanke, ki jiƙa awa 6 zuwa 8. Lokacin zafi ki rage, in ya wuce ƙa'ida a ruwa yana tsami tun kafin a markaɗa kuma awarar ba za ta yi auki ba. Ki kai inji a markaɗa miki ya yi laushi sosai, ki ce a wanke injin tukunna in an markaɗa kayan miya ko gasara. Ki ƙara ruwa, ki ɗiga ɗan manja ko man gyaɗa don kumfar ta kwanta, ki tace da ƙyalle mai tsabta, ki sake zuba ruwa a dusar ki matse karo na biyu. Ki ɗora madarar a babbar tukunya, babba fa, saboda tana tasowa lokaci ɗaya ta zube, kuma kar ki matsa daga wajen.

In ta tafasa ki bar ta ta ƙara kamar minti 10, ɗanyen waken suya yana da wani sinadari da ke hana jiki narkar da abinci, zafi ne yake kashe shi. Sai ki rage wuta ki fara zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan kina zagayawa da ludayi a hankali. Ruwan tsamin da aka fi amfani da shi shi ne na saman gasara da ya kwana biyu ko uku, ko ruwan awarar da kika yi a baya da kika ajiye ya yi tsami. In ba ki da ko ɗaya, ruwan lemon tsami ko jiƙaƙƙiyar tsamiya da kika tace za su yi, sai dai tsamiya tana ɗan sa ta duhu. Za ki ga ta fara dunƙulewa tana tasowa sama, ruwan ƙasa ya koma garai-garai ruwan ɗorawa, to ki tsaya haka. In ruwan har yanzu fari ne kamar madara tsamin bai isa ba, ki ƙara. In kuma kika zabga da yawa za ta yi tauri ta yi tsami ta ragu.

Abin da ya sa taki ba ta haɗuwa bai wuce uku ba, ko madarar ba ta tafasa sosai ba, ko ruwan tsamin bai yi tsami ba, ko kina juyawa da ƙarfi kina farfasa ta. Ni na farko da na yi na ukun ne ya same ni, na yi ta juyawa kamar ina talge, sai ta koma gari-gari.

Ki kwashe da matsami ki zuba a ƙyalle, ki sa jajjagen attaruhu da albasa da gishiri ki cakuɗa, ki ɗaure tam ki ɗora mata abu mai nauyi, dutsen niƙa ko bokiti cike da ruwa, awa ɗaya zuwa biyu. Ki yanka ki soya. Ba sai kin tsoma a ƙwai ba, haka nan ma tana soyuwa ta yi ja, in kina son ɓawo mai ƙaras-ƙaras ki dama 'yar fulawa da ruwa da yaji ki tsoma. Wani abin da mutanen gidanmu suke so shi ne tsiren awara, a shafa mata mai a birkita ta a garin ƙuli-ƙuli da yaji a jera a tsinke a gasa a kan gawayi. Dusar kuma kar ki zubar duka, ki ɗiba ki haɗa a ƙullun ƙosai ko alale, sauran a ba dabbobi.

Madarar waken suya ƙarni take min, akwai dabara?

Akwai. Bayan kin jiƙa ki murje ɓawon ki zubar, sai ki zuba waken a tafasasshen ruwa minti 3 zuwa 5 kafin ki markaɗa, wannan zafin yana rage ƙarnin sosai. Amma wannan na madarar sha ne, in awara za ki yi kar ki tafasa waken, ba za ta yi yawa ba. Gwangwani ɗaya na wake zai ba ki kusan lita ɗaya da rabi. Ki dafa ta minti 15 zuwa 20 a wuta kaɗan tare da citta da kanumfari kina kwashe kumfa, ki sa ɗan gishiri, zaƙi kuma dabino ko suga. A firij kwana 2 zuwa 3, in babu wuta ki yi daidai wadda za a shanye a ranar, ba ta da haƙuri ko kaɗan.

Fura fa? Gaskiya ita ce ba zan iya bari ba.

Ba sai kin bari ba, furar kanta gero ne da kayan yaji, nonon ne kawai za ki canza. Ki dama ta da madarar waken suya mai sanyi mai kauri, sai ki jiƙa garin 'ya'yan kuka, wanda ake cewa kwalba da nono, ki tace ki zuba ya ba ta tsami da kauri. Ba zan ce miki daidai take da kindirmo ba, ba daidai ba ce, amma tana da daɗinta kuma 'ya'yan kuka suna da bitamin C sosai. Kunun gyaɗa da kunun aya dama namu ne, sai dai a daina zuba musu madarar gwangwani.

Da safe me zan ci in ba shayi da madara da wainar ƙwai?

Ƙosai da koko. Ƙosai ba ya buƙatar ƙwai, abin da yake so shi ne bugu, ki markaɗa surfaffen wake da albasa da attaruhu da ruwa kaɗan, ki buga shi da muciya ko ludayi minti 5 zuwa 10 har ya yi fari ya tashi, gishiri sai dab da za ki fara suya. Alale ma haka, manja da albasa da yawa, ki zuba a gwangwani da kika shafa wa mai ki turara minti 40 zuwa 45. Ranar da kike sauri ki murmushe ɗanyar awara da hannu ki soya da albasa da tumatir da attaruhu da ɗan kurkum, ki ci da burodi ko doya ko dankali. Ɗumamen tuwo ma ai yana nan.

Rana da dare fa, kar in yi ta maimaita abu ɗaya.

Garau-garau da mai da yaji da salak. Ɗan wake, garin wake da na alabo ko fulawa, kuka cokali biyu, ɗan ruwan kanwa, ki kwaɓa ki riƙa jefawa a tafasasshen ruwa, in ya taso ki ba shi minti 10 ki tsame, ki soya man gyaɗa da albasa, ki yanka kabeji da tumatir da kokwamba a maimakon dafaffen ƙwai. Dambun masara ko na shinkafa da zogale da gyaɗa. Faten tsaki ko na acca da yakuwa da gyaɗa, faten wake da alayyahu, faten doya. Dafa-duka da wake a ciki da daddawa. Gujiya dafaffiya. Kwaɗon zogale ko rama ko tafasa, a dafa ganyen a matse a zuba dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da ɗan mai. Kin ga an fi sati ba a maimaita ba, ga tuwo da miya kala-kala da dare.

Kanwa dai a riƙa sa kaɗan, tana saurin nunar da wake amma tana lalata wasu bitamin na cikinsa, jiƙa waken tun dare ya fi.

Ba zan rasa sinadarin gina jiki ba? Mama ta ce zan bushe.

Ki kwantar wa Mama da hankali, kuma ki nuna mata a kwano ba da baki ba. Busasshen waken suya fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa furotin ne, wato sinadarin gina jiki, wake da gyaɗa kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Hatsi yana da ƙarancin wani ɓangare na furotin da wake yake da shi da yawa, wake kuma yana da ƙarancin wanda hatsi yake da shi, shi ya sa shinkafa da wake ko tuwo da miyar gyaɗa suke cika juna, kuma ba lallai a kwano ɗaya ba, a yini ɗaya ma ya wadatar. Waɗanda suke ramewa su ne masu cire nama su zauna a kan farar shinkafa da taliya da miyar tumatir tsura. Ƙa'idata ita ce kowane cin abinci sai an ga wake ko awara ko gyaɗa ko riɗi a ciki.

To akwai abin da girki ba zai ba ni ba?

Akwai, kuma wannan ce amsar da na fi so ki riƙe. Bitamin B12 ba ya samuwa a tsirrai ta yadda za a dogara da shi, babu shi a zogale, kar ki dogara da daddawa, kar wani mai maganin gargajiya ya ce miki wani ganye zai maye gurbinsa. Babban mutum yana buƙatar kimanin maikurogiram 2.4 a rana, kaɗan ne amma rashinsa yana kawo ƙarancin jini, kasala, mantuwa, jin yatsu suna mutuwa ko suna tsira kamar allura, kuma in ya daɗe yana lalata jijiya lalacewar da ba lallai ta gyaru ba. Abin da ya sa yake yaudara shi ne hanta tana ajiye shi na shekaru, sai mutum ya yi shekara biyu garau ya ce ai ba komai. Ki je kemis ki sayi ƙwayar B12, ƙungiyar bigan ta Ingila tana bada shawarar aƙalla maikurogiram 10 kullum ko 2000 sau ɗaya a sati. Ba tsada gare ta ba.

Sinadarin ƙarfe na ƙarin jini kuwa akwai shi a wake da ganye da riɗi da gero, amma jiki bai cika zuƙarsa da sauƙi kamar na nama ba, sai ki haɗa da abu mai bitamin C, lemon tsami a kan kwaɗo, ɗanyen tumatir, gwaiba ko lemon zaƙi bayan abinci, kuma ki raba shan shayi da cin abinci da kamar awa ɗaya don shayi yana tare shi. Gishiri ki sayi mai aidin. Ganyen kuka da zogale da riɗi suna taimakawa wajen kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi.

Ina da ciki, kuma ina da yaro ɗan shekara biyu, mu ma za mu iya?

Yar uwa wannan kam ki zauna da likita ko ma'aikaciyar awo kafin ki canza komai, ki gaya musu gaskiyar abin da kike ci, ki sha magungunan awo yadda aka ce. Jariri nonon uwa zalla wata 6, kuma madarar waken suya ta gida ba ta zama madadin nonon uwa ko madarar jarirai, ko kusa. Mai ciwon ƙoda da mai shan maganin maƙoƙo su ma sai da shawarar likita.

Wake yana kumbura min ciki.

Ki jiƙa shi tun dare ki zubar da ruwan, ki dafa ya yi luguf, ki sa citta. Ki fara da kaɗan, da surfaffe irin na alale da ƙosai da awara, sun fi sauƙi a ciki. Sati biyu zuwa uku ciki yana sabawa.

Wane abinci ne ake ɓoye kayan dabba a ciki ban sani ba?

Dunƙulen magi mai ɗanɗanon kaza ko na kifi, da garin da ke cikin ledar taliyar yara, ki karanta bayan kwalin. Waina da sinasir wasu suna sa nono ko ƙwai a ƙullun, ki tambayi mai yi. Burodi wani da madara da bota. Alkaki ana tsoma shi a zuma, tuwon gidan biki kuma sau da yawa an riga an zuba man shanu a miyar, dafa-dukar ma da romo aka yi. A gida in kina kewar man shanu ki soya man gyaɗa da albasa da ɗan citta har albasar ta yi duhu ki ajiye a kwalba ki riƙa ɗigawa a miya.

Malama, ba haramta halal ba ne wannan? Ga Babbar Sallah ma tana zuwa.

Nama halal ne, nono da zuma ni'ima ne da Alƙur'ani ya ambata, kuma aya ta 87 a Suratul Ma'ida ta hana mu haramta abubuwa masu daɗi da Allah Ya halatta mana. Don haka ni ban taɓa cewa haram ne ba kuma ba na ganin na fi mai ci, ban ci ne kawai saboda dalilina, kamar yadda wani ba ya cin kifi ko ganda. Layya ana yi a gidanmu, ina tsayawa a yi suya a raba wa maƙwabta da mabuƙata. Abin da ya shafi hukunci ki kai wa malaminki ki faɗa masa dalilinki.

In kin je gidan surukai ko gidan suna kuma, kar ki tsaya dogon bayani a gaban tire, ki ci abin da za ki iya ki yi godiya, in da sabo ki sanar da uwar gida tun kafin ranar. Ni nakan tafi da kular soyayyiyar awara da yaji in ajiye a tsakiya kowa ya sa hannu, kuma in za ki yi haka ki soya ta gwangwani 6 ba 4 ba, don yara ne suke fara kai mata hari.